Gwanayen Ƙofar Siriyal a Birnin Zariya

Wasu inbatocin sola, idan ka juya su ta baya, za ka ga wata 'yar kafa mai ramuka tara, biyar a sama, huɗu a ƙasa. 'Yar'uwarta mai haƙora tara tana bayan tsofaffin kwamfutocin teburi da ke jibge a shagunan buga takardu na Tudun Wada da Kongo, ƙura ta rufe ta don ba mai soka mata komai. Sunanta ƙofar siriyal. Ƙa'idar lantarkin da take bi, RS-232, tun 1960 aka fitar da ita a Amurka, shekara biyu kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Da USB ta zo, mutane sun ɗauka ta ƙare mata. Alhali ɓuya kawai ta yi. Tana cikin modem, tana cikin na'urar GPS, tana jikin suwic ɗin da ke rarraba intanet a cibiyoyin jarrabawa, tana cikin 'yan akwatunan da ake maƙala wa mota don a san inda take. Sau da yawa ma kebul ɗin da kake gani na USB ne a waje, siriyal a ciki. Kana soka shi, Linux za ta sa masa suna /dev/ttyUSB0 ko /dev/ttyACM0.

Akwai tsirarun matasa a Zariya, wasunsu 'yan cikin ganuwa, da suka iya sa wannan ƙofa ta yi magana da duk yaren da ake bukata. Aikinsu ba ya ɗaukar ido, layi biyu ko uku suke rubutawa a baƙin allo. Amma a wurina gwaninta ce ta gaske, kuma ya kamata wanda ba ɗan sana'a ba ya san abin da ake yaba musu a kai.

Wayar siriyal ba ta san komai ba. Wuta ce ke hawa da sauka a cikinta, bit ɗaya bayan ɗaya. Idan an saita ta a gudun bit 9600 a daƙiƙa, da bit takwas na saƙo, ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa, kowane harafi zai ci bit goma, wato haruffa 960 a daƙiƙa. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta san inda magana ta fara ba, ba ta san inda ta tsaya ba, ba ta bambanta gaisuwa da umarni. To wa zai ba waɗannan haruffa ma'ana?

A Unix da dangoginta, abu uku ne a jere. A ƙasa akwai direba, wanda ya san ƙarfen na'urar, shi ke ɗebo bayit daga waya. A sama akwai manhajar da mutum ke aiki da ita. A tsakaninsu, cikin kanel, wato zuciyar tsarin, akwai ƙa'idar layi, wadda takardun Linux ke gajarta sunanta zuwa ldisc. Ɗan birni ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, kowacce kafa ce a jikin ganuwa. Ita kanta ba ta san fatake ba, ba ta san mahara ba. A zamanin da ake rufe su, mai tsaron ƙofa ne ke cewa wane ya wuce, wane ya jira, wancan kaya a kwance a duba, wannan saƙo a garzaya da shi fada. Ka canja mai tsaro, ƙofar tana nan yadda take, amma abin da ke isa cikin gari ya canja. Ƙa'idar layi ita ce mai tsaron nan, kuma gwanintar da nake magana a kai ita ce sanin wanda za a tsayar, da lokacin da za a tsayar da shi.

Wanda ake tararwa a bakin kowace ƙofa idan an buɗe ta shi ne n_tty, mai lamba 0. Saboda ɗan'adam aka yi shi. Lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a Bell Labs a 1969, da keken rubutu mai lantarki ake magana da kwamfuta, irin su Teletype Model 33 ta 1963, mai buga haruffa goma a daƙiƙa a kan takarda. Daga sunanta aka samo tty ɗin da muke gani har yau. Mutum yana kuskure, yana jinkiri, yana son ganin abin da ya buga. Don haka n_tty ke riƙe haruffa har sai an danna Enter kafin ya miƙa wa manhaja layin gaba ɗaya. Shi ke goge harafi idan ka danna maɓallin gogewa. Shi ke maido maka da abin da ka buga ka gani a allo. Idan ya ga bayit mai lamba 3, wato Ctrl-C, ba ya miƙa shi, sai ya aika wa manhaja sanarwar ta tsaya. Lamba 19, Ctrl-S, ma'anarta a dakatar da fitar da rubutu. Lamba 17, Ctrl-Q, a ci gaba. Lamba 13 kuwa yakan mayar da ita 10.

Duk wannan kyautatawa ce ga mutum, amma ɓarna ce ga na'ura. A ce wata na'urar awo tana turo lambobi tsurarsu, sai awon ya faɗa kan 19. N_tty zai haɗiye lambar, ya kuma rufe bakin kwamfutar, ta daina aika komai. Ko a ce modem ya turo amsa, n_tty ya maida masa da ita kamar yadda yake yi wa mai buga rubutu, modem ya ɗauka sabon umarni ne, ya amsa da cewa bai gane ba, a sake maida masa, su yi ta yi ba iyaka. A nan ne sabon shiga ke yanke hukunci cewa kayan jabu ne, ya koma kasuwa ya sayo wani, shi ma ya yi masa haka. Kuɗi nawa aka yi asara a garin nan ta wannan hanya, Allah kaɗai Ya sani.

Gwani ba ya fara zargin kaya. Sauraro yake fara yi. Idan adaftar RS-232 ce a hannunsa, zai lanƙwasa ɗan guntun waya ya haɗa haƙori na 2 da na 3, mai karɓa da mai aikawa, ya buga harafi. In harafin ya dawo, adaftar lafiyarta ƙalau, matsalar tana gaba. Zai tabbatar na 5, wayar ƙasa, ta haɗu. Zai tuna cewa bakin wannan na'ura da kunnen waccan ake haɗawa, ba baki da baki ba. Kuma ba zai taɓa jona RS-232 kai-tsaye da ƙaramin allo mai aiki da bolt 3.3 ba, domin ita wutarta tana iya kaiwa bolt 15 sama ko ƙasa da sifili. Sai ya sa ɗan guntu irin MAX3232 a tsakani. Daga nan ya rubuta stty -F /dev/ttyUSB0 -a ya karanta halin da ƙofar ke ciki. Wani lokaci ma kalma biyu, raw da -echo, sun wadatar: an ce wa n_tty ya naɗe hannu ya bar komai ya wuce yadda ya zo. Wannan matakin farko ne. Na biyu shi ne a ɗaga shi gaba ɗaya a tsayar da wani.

Dabarar sauya ƙa'ida a kan ƙofa ɗaya tana cikin Unix tun bugu na bakwai, na 1979. Misalin da ya fi burge ni, saboda sauƙinsa, shi ne SLIP, mai lamba 1 a Linux. Rick Adams ya rubuta ta wa 4.2BSD a 1984, aka kuma bayyana ta a takardar RFC 1055 a 1988. Tambayar da ta amsa ita ce: yaya za a tura ƙunshin saƙon intanet ta wayar da ba ta san farko ko ƙarshe ba? Aka ce lamba 192 ita ce alamar ƙarshen ƙunshi. To idan 192 ta faɗo a tsakiyar saƙon fa? Sai a aika 219 da 220 a madadinta, mai karɓa ya maido da ita. Idan 219 ce ta faɗo, a aika 219 da 221. Shi ke nan. Da wannan 'yar dabara, kana ɗaura SLIP a ƙofa da umarnin slattach, sai ga sabuwar hanyar sadarwa mai suna sl0 ta bayyana, ka ba ta adireshi kamar kowane katin netwok. Kwamfuta biyu, waya uku, an sami netwok.

Wadda 'yan Zariya suka fi cin moriya, ko da ba su san sunanta ba, ita ce PPP, mai lamba 3. Bayan shigowar GSM Nijeriya a 2001, an zo zamanin modem ɗin USB mai cin sim, wanda ɗalibai ke yawo da shi daga Samaru zuwa Kongo zuwa cikin gari. Mai Windows manhajar kamfani ke yi masa komai. Mai Linux kuwa da hannunsa yake yi, da wvdial ko pppd, kuma a nan da yawa suka fara koyon sana'ar. Abin lura shi ne jerin aikin. Da farko ƙofar tana hannun n_tty, ana yi wa modem magana da rubutu: AT, ya ce OK, a gaya masa sunan hanyar kamfanin, a ce ATD*99#. Sai ya ce CONNECT. Daga wannan kalma modem ya daina jin rubutu, ƙunshi yake turowa masu shinge da lamba 126. A daidai nan pppd ke kiran kanel da umarnin TIOCSETD a sauya ƙa'ida, sai ppp0 ta fito. Ka sauya kafin CONNECT, ba wanda zai gaya wa modem ya buga lamba. Ka bar n_tty bayan CONNECT, sai tarkacen alamomi su cika maka allo. Sanin wannan gaɓa shi ne rabin sana'ar.

Akwai wani ɗan ƙaramin umarni a cikin util-linux, ldattach, wanda Tilman Schmidt ya rubuta, da ke yin wannan sauyi ga kowace ƙa'ida. Ka ba shi gudu da -s, ka ce -8 -n -1, ka faɗi sunan ƙa'idar da sunan ƙofar. Zai buɗe ƙofar, ya saita ta, ya ɗaura ƙa'idar, sannan ya koma bayan fage ya zauna shiru. Mai koyo yakan gan shi cikin jerin manhajojin da ke gudana, ba ya cin komai, ba ya yin komai, sai ya kashe shi don tsabtace kwamfuta, nan take komai ya rushe. Zaman nan shi ne aikinsa. Muddin akwai mai riƙe da ƙofar a buɗe, ƙa'idar tana nan. Ranar da na ƙarshe ya saki, duk wanda ya sake buɗewa n_tty zai tarar. Wanda ya gane wannan ba ya ɗaura ƙa'ida da hannu ya tafi gida, sai ya rubuta wa systemd, manhajar da ke tayar da ayyuka a Linux, ta tayar da ldattach duk lokacin da aka kawo wuta, ta sake tayar da shi idan ya faɗi. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba ƙaramin tanadi ba ne.

Na ga aikin da idona a wani gareji a bayan ganuwa. Mota ce 'yar Kwatano, sikanar da masu garejin suka saba amfani da ita ta ƙi karanta ta, aka kira wani saurayi mai gyaran kwamfuta, ya zo da laftof da yaronsa da wata 'yar adafta da ba ta kai akwatin ashana biyu ba. Yaron ya tsuguna ƙarƙashin sitiyari ya soka ta a soket mai ramuka 16, inda na 6 da na 14 ke ɗauke da layin CAN da kwamfutocin mota ke zance a kai. Ya buga umarni, ba amsa.

"Oga, adaftar nan ta mutu."

"Ka ji ta bakinta tukuna? Duba wa ke riƙe da ƙofar."

Yaron ya rubuta fuser /dev/ttyACM0, sai ga lamba ta fito. ModemManager ce, manhajar da ke tare duk sabuwar ƙofa tana tura mata AT ko modem ce. Aka dakatar da ita. Saurayin ya karɓi laftof, ya aika harafin V kaɗai, adaftar ta amsa da lambar sigarta. Ya gyaɗa kai. Sannan ya rubuta slcand -o -s6 /dev/ttyACM0 can0, wato a ɗaura ƙa'ida mai lamba 17, a buɗe layin a gudun bit dubu 500 a daƙiƙa. Ya tayar da can0, ya kunna candump, mai nuna abin da ke wucewa a layin. Allo ya tsaya wayam.

Mai motar ya ce, "Malam, ko dai ƙwaƙwalwar ce ta ƙone?"

"A'a Alhaji, wasu motocin ba sa magana sai an tambaye su. A tayar da injin."

Saurayin ya aika tambaya zuwa adireshin 7DF, bayit 02 01 0C, ma'ana injin juyi nawa yake yi. A cikin kebul, abin da ya wuce rubutu ne zalla, t7DF802010C0000000000, domin yaren da adaftar ke ji ke nan. Ƙa'idar layi ce ta mayar da tambayar rubutu, ita ce kuma ta mayar da amsar ƙunshin CAN. Amsa ta zo daga 7E8: 04 41 0C 0C 80. Ya juya ga yaron ya ce ya lissafa. 0C80 shi ne 3200, a raba huɗu, 800. Allurar dashbod ma a nan take tsaye. Ƙwaƙwalwar motar ba ta ƙone ba, an tsira daga sayen wata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saurayin bai taɓa gaggawa ba, kuma kowane shiru ya san abin da yake nufi: shirun farko wani ne ya tare ƙofa, na biyu mota ce ke jiran tambaya.

Akwai ƙa'idar da ba harafi take jira ba, lokaci take jira. Na'urar GPS tana turo jimlolin NMEA da ke faɗin ƙarfe nawa, amma kafin jimlar ta gama wucewa a gudun 4800 ko 9600, wani yanki na daƙiƙar ya riga ya tafi. Saboda haka na'urori da yawa ke da wata waya daban mai bugawa sau ɗaya a farkon kowace daƙiƙa. Gwani yana kai wannan bugu haƙori na 1, DCD, ya rubuta ldattach PPS /dev/ttyS0. Ƙa'ida mai lamba 18 ta gaji halayen n_tty, don haka jimlolin suna wucewa yadda suka saba, amma duk sa'ad da wutar haƙori na 1 ta motsa, nan take kanel ke rubuta lokacin, ya ajiye a /dev/pps0. Jimla ta faɗi wace daƙiƙa ce, bugu ya faɗi yaushe ta fara, manhajar chrony ta haɗa biyun ta daidaita agogon. Sabar makaranta ko ta asibiti za ta riƙe lokaci daidai ko intanet ta yanke mako guda. A wannan aiki tsohuwar kwamfuta mai ƙofar asali ta fi sabuwar laftof, domin USB jira take a zo a tambaye ta, kuma jiran nan yana iya cin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wanda a harkar agogo babban giɓi ne.

Sauran sai a taƙaice. Lamba 21, n_gsm, tana raba waya ɗaya ta modem zuwa hanyoyi da yawa bayan an aika masa AT+CMUX=0, sai a sami gsmtty1 na intanet, gsmtty2 na saƙon tes, gsmtty3 na duba ƙarfin sabis, duk a lokaci guda. Lamba 15 ta Bluetooth ce, lamba 5 ta masu rediyon sha'awa. OpenBSD tana da nata ldattach mai karanta NMEA, FreeBSD kuwa ta ajiye tsohon tsarin tun siga ta 8.0 a 2009. Kuma saboda duk waɗannan a cikin kanel suke gudana, kuskure a cikinsu yana iya buɗe kwamfuta ga ɓarawo, kamar yadda aka gano a n_hdlc a 2017. Mai kula da saba da ya san aikinsa yakan mayar da dev.tty.ldisc_autoload sifili, don kada kowane mai amfani ya iya jawo ƙa'idar da ba a loda ba.

Zariya gari ne da ya san darajar mai sana'a. A nan aka kira magini Babban Gwani, Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, har yau kuma sunan yana kan unguwa. Abin da ke damuna shi ne yaranmu da yawa suna gama karatun kwamfuta sun iya zana shafin intanet, amma ba su taɓa riƙe waya uku sun sa na'ura biyu sun fahimci juna ba. Inbatoci, mitoci, na'urorin awo na ɗakunan gwaji da motoci sai ƙaruwa suke, masu jin yarensu kuwa ba su da yawa.

Ina roƙon malamanmu na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli su ware ko mako biyu ne a zango don wannan darasi, da kebul a hannu, ba a kan allo kaɗai ba. Masu shaguna kuma ku bar yaranku su taɓa, su lalata, su gyara. Kai kuma mai karatu, idan akwai Linux a gabanka, rubuta cat /proc/tty/ldiscs ka ga ƙa'idojin da ke lode a kwamfutarka, ka bi da man ldattach, sannan ka nemi wanda ya iya ka zauna kusa da shi.